Yadda Za A Bi Gasar Ƙwallon Hannu Ta Mata Ta Duniya Daga Abuja, A Kuma Fahimci Sakamakonta

Wanda ya saba da ƙwallon ƙafa, idan ya ga an rubuta cewa Faransa ta doke Norwe da ci 31 da 28, yana iya zaton masu tsaron gida barci suka yi a ranar. Alhali kuwa wannan shi ne sakamakon wasan ƙarshe na gasar ƙwallon hannu ta mata ta duniya da aka yi a birnin Herning na ƙasar Danmak a watan Disamba na 2023, kuma a ma'aunin wannan wasa ci ne na yau da kullum, wanda ke nuna cewa an fafata sosai. Samun sakamako ba ya wahala ga duk mai waya a Abuja, domin yana nan a intanet jim kaɗan bayan an tashi wasa. Abin da ke ɓatar da mutane shi ne karanta shi da idon ƙwallon ƙafa, musamman teburin maki, wanda tsarinsa ya sha bamban da na gasar cin kofin duniya da muka sani.

Hukumar ƙwallon hannu ta duniya, IHF, ita ke shirya gasar. An kafa ta a 1946, hedikwatarta tana birnin Basel na ƙasar Suwizalan, kuma Hassan Moustafa ɗan ƙasar Masar ya hau shugabancinta tun shekarar 2000. An fara gasar mata a 1957 a tsohuwar Yugoslabiya, inda Cekoslobakiya ta ɗauki kofi, kuma tun daga 1993 ake yin ta duk bayan shekara biyu. Yanzu takan faɗo ne daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba, a shekaru irin su 2021 da 2023 da 2025. Ta 2027 ƙasar Hangari aka bai wa.

Lokaci da wurin kallo

Mazaunin Najeriya yana da wata sa'a da bai kamata ya yi wasa da ita ba. A watan Disamba agogonmu daidai yake da na Jamus da Holan da Norwe da Danmak da Sifaniya da Hangari, saboda haka idan jadawali ya ce ƙarfe shida na yamma, ƙarfe shida ne a Wuse da Kubwa, babu wani lissafi. Ba haka abin ya kasance ba a 2019, lokacin da aka yi gasar a Kumamoto ta ƙasar Japan, wadda ke gabanmu da awa takwas. Galibin wasanni a Turai tsakanin la'asar ne da bayan isha'i, kuma wasa ɗaya yakan ɗauki kimanin awa ɗaya da rabi idan an haɗa da hutu da tsayar da agogo. Wasan ƙarfe shida yana cin karo da magariba a wannan lokaci na hunturu, don haka wanda zai rasa wani ɓangare gara ya rasa farkon wasan, domin a ƙwallon hannu minti goma na ƙarshe ne suka fi yanke hukunci.

Jadawali da sakamako da alƙaluman kowane wasa suna shafin hukumar IHF, kuma hukumar takan nuna wasanni a YouTube ga ƙasashen da babu tashar da ta sayi izinin nuna gasar. A gwada wannan tun ranar farko, kada a jira sai wasan ƙarshe. A caza waya tun da rana saboda ɗauke wuta, a kuma rage ingancin hoton idan data ba ta da yawa, amma kada a rage shi ƙwarai, domin ƙwallon ƙarama ce kuma tana gudu. Gidajen kallo na Nyanya ko Gwagwalada ƙwallon Ingila ce kasuwarsu, ba kuma za su sauya tasha ranar Asabar saboda mutum ɗaya ba. Wanda ke son kallo a cikin jama'a sai ya haɗa abokai su roƙi mai gidan a ranar da babu babban wasan ƙwallon ƙafa.

Dokokin da ba makawa sai an san su

Filin yana da tsawon mita 40 da faɗin mita 20, raga kuma faɗinta mita 3, tsayinta mita 2. Kowane ɓangare yana da 'yan wasa bakwai a fili, shida da mai tsaron gida, ana kuma yin canji ba iyaka ba tare da an tsayar da wasa ba. Ana buga minti 30 sau biyu. 'Yar wasa ba ta wuce taku uku ko daƙiƙa uku riƙe da ƙwallo, kuma babu mai taka da'irar mita 6 da ke gaban raga sai mai tsaron gida, shi ya sa ake ganin masu jifa suna tsalle su saki ƙwallon tun suna sama. Idan aka hana 'yar wasa damar ci bayyananniya ta hanyar da ta saɓa doka, sai a ba da jifan mita 7, wanda shi ne fanareti a wannan wasa.

Hukunci uku ne suka fi sauya akalar wasa, kuma su ne sabon mai kallo ya fi ruɗewa a kansu. Na farko shi ne korar minti biyu: alƙali ya ɗaga yatsu biyu, 'yar wasa ta fita, ƙungiyarta ta ci gaba da mutum shida har wa'adin ya cika, kuma wadda aka yi wa haka sau uku ta samu jan kati. Na biyu shi ne jan ƙafa wajen kai hari. Idan alƙali ya ga ana ta zagaya ƙwallo ba niyyar jifa, sai ya ɗaga hannu, daga nan kuma, bisa dokar da aka gyara a 2022, miƙa ƙwallo huɗu kawai ya rage kafin a jefa raga ko a ƙwace. Na uku ya shafi daƙiƙa 30 na ƙarshe: wadda ta yi ƙeta don ta hana abokan karawa jifan ƙarshe, jan kati ne a kanta, a kuma ba su jifan mita 7. Wannan doka ce ta yanke wasan ƙarshe na 2019. Holan da Sifaniya suna 29 da 29, saura 'yan daƙiƙoƙi, mai tsaron gidan Holan Tess Wester ta tare jifa ta yunƙura za ta wurga ƙwallo gaba, Ainhoa Hernández ta Sifaniya ta tare ta. Alƙalai suka ɗaga jan kati suka ba da jifan mita 7, Lois Abbingh ta zura, Holan ta ɗauki kofinta na farko da ci 30 da 29. An daɗe ana gardama a kan hukuncin, amma wanda bai san dokar ba ko gardamar ba zai gane ba.

Akwai kuma abin da zai ba sabon mai kallo mamaki, wato ganin raga babu kowa. Tun 2016 doka ta sauƙaƙa wa koci ya cire mai tsaron gida ya sa 'yar wasan fili a madadinta yayin kai hari, musamman idan an kori ɗaya daga cikin 'yan wasansa. Idan ƙwallo ta kuɓuce musu, ana iya jefa ta raga daga can ƙarshen fili, har mai tsaron gidan ɗaya ɓangaren takan samu sunanta cikin waɗanda suka ci.

Tsarin gasar, inda mafi yawan ruɗani yake

Tun daga gasar Sifaniya ta 2021 ƙasashe 32 ke shiga, a da kuwa 24 ne. Ana raba su rukuni takwas, kowanne da ƙasa huɗu. Nasara maki biyu ce, kunnen doki maki ɗaya, saboda haka wanda ya ga ƙasa da maki shida bayan wasa uku ya sani cewa ta cinye duka ne. Uku na sama a kowane rukuni suna wucewa, ta huɗu kuma ta tafi wata ƙaramar gasa da ake kira Kofin Shugaba, inda ake tantance matsayi na 25 zuwa na 32.

Jin cewa uku cikin huɗu ne ke wucewa yana sa mutum ya ɗauka zagayen farko ba shi da nauyi, kuma a nan ne kuskuren yake. Ƙasashe 24 da suka wuce ba sa fara sabon lissafi. Ana haɗa rukuni biyu su zama ɗaya mai ƙasa shida, kowace ƙasa kuma tana shiga da makin da ta samu a kan ƙasashe biyu da suka wuce tare da ita, amma makin da ta samu a kan wadda aka bari a baya ya faɗi. Daga nan sai ta buga wasa uku da ƙasashen da suka zo daga ɗaya rukunin, kuma biyu na sama kaɗai ke kaiwa zagayen ƙasashe takwas. Ma'ana, ƙasa tana iya shiga zagaye na biyu da maki huɗu, wata kuma ta shiga hannu rabbana, alhali dukansu an rubuta cewa sun wuce.

Abin da ya faru da Angola a 2023 ya isa misali. Tana rukuni ɗaya da Faransa da Silobeniya da Aisilan. Faransa ta doke ta da ƙyar da ci 30 da 29, Silobeniya ma ta doke ta, sannan ta yi kunnen doki 26 da 26 da Aisilan. Angola da Aisilan suka tashi da maki ɗaya ɗaya, karawarsu kuma ba ta raba gardama ba, sai aka koma ga bambancin ƙwallaye, inda wannan rashin nasara da ƙwallo ɗaya tak a hannun Faransa ya amfane ta, ta wuce. Amma da yake makinta ɗaya a kan Aisilan ta same shi, kuma Aisilan ba ta wuce ba, sai Angola ta shiga zagaye na biyu ba ta da ko maki ɗaya, Faransa kuwa ta shiga da huɗu. Wanda ya duba tebur a ranar ya ga sifiri a gaban sunan Angola zai iya zaton an yi kuskure, ko kuma ya raina ƙungiyar da ta kusa kayar da wadda ta ɗauki kofin a ƙarshe.

Don haka ga yadda ya kamata a yi. Da zarar an fitar da rukunai, a samu takarda a rubuta rukunin ƙasar da ake goyon baya tare da rukunin da za a haɗa shi da shi, domin daga nan ne za a san abokan karawarta na gaba tun kafin a fara. A yi hasashen ƙasar da ta fi rauni a rukunin, a ɗauki wasa da ita a matsayin tikitin wucewa kawai, sannan a ɗora ido a kan sauran wasanni biyun, waɗanda makinsu ke bin ƙasa har zagaye na gaba. Bayan wasa na uku a soke sakamakon da aka samu a kan ta huɗu, a sake lissafi. A ganina wannan ɗan aiki na minti biyar ya fi karanta sharhi goma amfani.

Idan maki ya zo ɗaya, ba a fara duba bambancin ƙwallaye na gaba ɗaya. Ana fara duba sakamakon karawar da ƙasashen da abin ya shafa suka yi a tsakaninsu: maki, sannan bambancin ƙwallaye, sannan yawan ƙwallayen da kowacce ta ci a waɗannan wasanni, sai an rasa mafita a nan ake komawa ga lissafin rukuni duka. Shi ya sa za a ga ƙungiyar da ake ci da ƙwallo biyar tana ta fafutuka saura minti ɗaya, ko wadda ke kan gaba ta nemi hutun minti ɗaya don ta tsara jifan ƙarshe. Daga zagayen ƙasashe takwas kuwa babu kunnen doki: ana ƙara minti biyar sau biyu, idan ba a rabu ba a sake, sannan a koma jifan mita 7. Ƙasar da ta kai wasan ƙarshe ta buga wasa tara ke nan cikin ƙasa da mako uku, abin da ke sa ƙasashe masu ƙwararrun 'yan canji su fi ɗorewa.

Yadda ake karanta sakamakon wasa guda

A fara da tazara. Bambancin ƙwallo ɗaya zuwa uku yana nufin wasa ya yi zafi, biyar zuwa bakwai nasara ce bayyananniya, goma zuwa sama kuwa an fi ƙarfin wani. Daga nan a duba jimillar ƙwallaye. Faransa ta doke Norwe 23 da 21 a wasan ƙarshe na 2017 a Hamburg, Barazil ta doke Sabiya 22 da 20 a Belgired a 2013, kuma irin wannan ƙaramin ci yana nuna cewa tsaron baya da masu tsaron gida ne suka mallaki wasan.

Sai kuma sakamakon hutun rabin lokaci, wanda ake rubutawa a cikin baka kusa da na ƙarshe, kuma mutane da yawa ba sa kula da shi. A wasan ƙarshe na 2021 Norwe ta doke Faransa 29 da 22, abin da zai sa a ɗauka wasan ya zo mata da sauƙi. Amma Faransa ce ke kan gaba 16 da 12 lokacin da aka tafi hutu, wato bayan an dawo Norwe ta ci 17, Faransa ta ci 6 kacal cikin minti 30. Duk inda aka ga irin wannan juyi, a je kai tsaye ga alƙaluman mai tsaron gida, kuma a wannan rana Silje Solberg ce ta toshe ragar Norwe. Mai tsaron gidan da ta tare ɗaya cikin kowane jifa uku ta yi aikinta, wadda ta haura kashi 40 cikin ɗari kuwa da wuya ƙungiyarta ta sha kashi. Bayan wannan a duba yawan ƙwallayen da aka zubar ba tare da an yi jifa ba, da yawan korar minti biyu. Ƙungiyar da ke yawan zubar da ƙwallo ita ce ake yi wa ruwan ƙwallaye ta hanyar harin gaggawa, kuma wannan ne ya fi cutar da ƙananan ƙasashe idan sun haɗu da irin su Norwe.

Game da wadda ta fi cin ƙwallaye, a lura ko nawa ne daga ciki na jifan mita 7, domin mace ɗaya ce galibi ke jefa wa ƙungiyarta su duka.

Wa za a sa wa ido

Turai ce ta mamaye wannan gasa, kuma sau biyu kaɗai kofin ya bar nahiyar: Koriya ta Kudu a 1995 da Barazil a 2013. A 'yan shekarun nan Norwe da Faransa ne ke karɓa-karɓa, har a wasannin Olamfik na Faris a 2024 su ne suka haɗu a wasan ƙarshe, Norwe ta yi nasara 29 da 21. A gasar duniya ta 2025 da Jamus da Holan suka karɓi baƙunci, Norwe ta doke Jamus a birnin Rotterdam ta sake ɗaukar kofin. Danmak da Suwidin da Holan da Hangari su ne ke bin bayansu. Kada a rikita gasar duniya da ta Olamfik, wadda ƙasashe 12 kaɗai ke shiga, kuma aka fara sa mata a cikinta a Montreal a 1976.

Ga ɗan Afirka, Angola ce abin kallo. Ta ɗauki kofin Afirka fiye da sau goma, ta zo ta bakwai a gasar duniya ta 2007 a Faransa, ta kuma kai zagayen ƙasashe takwas a Olamfik na Rio a 2016. Ƙarfinta daga gida yake, domin ƙungiyoyi biyu na birnin Luwanda, Petro da Primeiro de Agosto, sun daɗe suna mamaye gasar zakarun kulob na nahiyar. Sanagal ma ta taso, har ta yi kunnen doki da Kuroshiya a 2023. Ma'aunin da ya dace a auna ƙasashenmu da shi shi ne ko sun tsallake zagayen farko, da maki nawa suka tsallake, da kuma tazarar da manyan ƙasashe suka ba su idan an kwatanta da gasar da ta gabata. Wanda ya tsaya kan ko sun ɗauki kofi ba zai ga ci gaban da ake samu ba.

Najeriya kuwa tana da tarihin da matasa da yawa ba su sani ba. Matanmu sun ɗauki kofin Afirka a 1991 a birnin Alƙahira, suka wakilci nahiyar a Olamfik na Barcelona a 1992, inda suka zo na takwas cikin ƙasashe takwas. Har yanzu ana buga wasan a cikin gida, kuma mazaunin Abuja yana kusa da shi fiye da kowa, tun da an sha yin zagayen gasar ƙasa a ɗakin wasanni na ɓangaren da ake kira Package B a filin wasa na Moshood Abiola. A can ake ganin ƙungiyoyin mata irin su Safety Babes ta hukumar kiyaye haɗurra, da Defender Babes, da Plateau Peacocks ta Jos, da Rima Queens ta Sakkwato. Gani ya kori ji: wanda ya zauna a gefen fili sau ɗaya ya ga yadda ake canji cikin gudu, ya ji ƙarar haɗuwar jiki a bakin da'irar mita 6, zai fahimci abin da hoton waya ba ya nunawa. A nemi sanarwar hukumar ƙwallon hannu ta Najeriya kafin a tafi, domin lokaci da wurin gasar sukan sauya daga shekara zuwa shekara.

Hanyar zuwa gasar duniya ta kofin Afirka take bi, wanda hukumar nahiyar, CAHB, mai hedikwata a Abijan, ke shiryawa shekara ɗaya kafin gasar duniya. A Dakar a 2022 Angola ta doke Kamaru a wasan ƙarshe, kuma Angola da Kamaru da Kwango-Brazzaville da Sanagal suka tafi gasar 2023. A Kinshasa a 2024 Angola ta doke Sanagal, su biyun tare da Tunisiya da Masar suka samu gurbin 2025. A duka biyun ƙasashe huɗu da suka kai wasan kusa da na ƙarshe ne suka samu tikiti, saboda haka mai son sanin waɗanda za su wakilci nahiyar a Hangari ya fi mai da hankali kan zagayen ƙasashe takwas na kofin Afirka, domin a wannan zagaye ake rabon guraben.